Ruwa da Metanol a Injin Jirgi: Mu Tsawatar Tun Ba a Kai Ga Gawa Ba

Wata fitina tana yawo a wayoyin samarinmu, mu kuwa mun yi shiru.

Gajerun bidiyo ne. Ana nuna wani a ƙasar waje ya ɗaura 'yar jarka a gefen inji, ya ja siririn tiyo, ya haɗa ƙaramin famfo, yana fesa ruwa gauraye da metanol cikin maƙogwaron injin. Sai a ce ƙarfi ya ƙaru, zafi ya sauka, mai ya yi auki. Wasu a mota suke nunawa. Wasu a babur. Wasu kuma a ƙaramin jirgin sama da mutum ya ƙera da hannunsa a bayan gida.

Ba sa nuna wanda ya makance. Ba sa nuna fistan da ya huje. Ba sa nuna gawa.

Ya zama wajibi mu nuna su.

Wani zai ce, a nan garinmu Mindif na Kamaru wa ke ƙera jirgi? To, a Kano ma haka aka riƙa cewa. A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗan shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Jaridun duniya suka ɗauka. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa, amma bai wuce ƙafa bakwai ba. A wancan lokacin waya mai nuna bidiyo ba ta cika gari ba. Yau tana aljihun kowane yaron gareji daga Garwa zuwa Marwa, daga Marwa zuwa Kaele.

Kuma mun san yaranmu. Namu garin maƙera ne da masaƙa da majema. Yaron da ya tashi yana kallon ƙarfe na lanƙwasa a hannun ubansa ba ya tsoron inji. Yana kwance babur ya mayar kafin la'asar. Yana ganin jirgi na sauka a filin jirgin Salak, zuciyarsa na raya masa cewa shi ma zai iya. Wannan baiwa ce, muna alfahari da ita. Saboda ita ce ma muke tsoro, don wanda bai iya komai ba ba zai taɓa kusantar wannan haɗari ba. Gwanayenmu zai ɗauka.

Mu faɗi gaskiyar abin dalla-dalla, don kada a ce mun ƙi shi bisa jahilci.

Dabarar gaskiya ce, kuma tsohuwa ce. A Yaƙin Duniya na Biyu ta yi suna. Injin jirgin yaƙi yana da na'urar da ke danna masa iska da ƙarfi. Iska in an matse ta sai ta yi zafi. In zafin ya yi yawa, man da ke cikin silinda ba ya ci a hankali yadda aka tsara, sai ya fashe gaba ɗaya, ya doki kan fistan. Bakanike ya san wannan ƙarar, ƙwas-ƙwas ɗin da mota ke yi a hawa in man ba shi da kyau. Injiniyoyi suka gano cewa in aka fesa ruwa kaɗan, zai zama tururi, ya shanye zafin, a samu damar ƙara matsa wa injin. Suka haɗa da metanol don kada ruwan ya daskare a sama, kuma shi ma yana ci kamar mai.

Jamusawa sun kira nasu MW 50, kusan rabi metanol rabi ruwa, da ɗan man hana tsatsa. Sun sa shi a jirgin Messerschmitt Bf 109. Amurkawa sun sa irinsa a jirgin P-47, injinsa ya tashi daga ƙarfin doki 2,000 zuwa kusan 2,300.

Ga abin da masu bidiyo ke ɓoyewa. An ƙayyade wa matuƙin Jamus minti goma a jere, sannan dole ya kashe ya bar injin ya huce. An ƙayyade wa na Amurka minti biyar. Dabara ce ta tsira da rai, ta mutumin da ake harbi a bayansa. Yana sauka kuma makanikan soja su rufu a kan injin suna bincike. Gwamnatocin da ke yaƙi sun yarda inji ya mutu da wuri in dai matuƙi zai dawo.

Wane yaƙi ɗanmu yake yi da zai sa ya ɗauki wannan kasada?

Kuma ko ƙarfin ma ba zai samu ba. Injin babur, injin janareto, injin tsohuwar mota da ba shi da turbo, ba a danna masa iska. Ba shi da wancan zafin da ruwa ke zuwa kashewa. Ka fesa masa ruwa, tururin ya cinye gurbin iska, ƙarfin ya tsaya inda yake ko ya ragu. An ɗauki haɗarin duka, ribar babu.

In kuwa yaro ya yi wayo ya matsa wa injin, ya sa filogi ya riƙa ba da wuta da wuri ko ya rage mai saboda yana taƙama da ruwa, to ya ɗaure ransa a jikin siririn tiyo. Daga wannan lokaci injin ba zai rayu ba sai da ruwan. Famfo ya tsaya. Waya ta tsinke. Jarka ta ƙare. Bakin feshi ya toshe. Ko wanne ya faru, fashewar nan za ta dawo da ƙarfinta, cikin daƙiƙoƙi ta huda fistan ko ta karya ringi. A cikin ƙarar farfela ba zai ma ji ta ba.

Toshewa kuwa a ƙasarmu ba sai an jira ba. Ƙofar bakin feshin ba ta fi ƙofar allura ba. Tataccen ruwa ake sa masa, wanda babu gishirin ƙasa a cikinsa. Ruwan rijiya da na burtsatse fa? Kowa ya leƙa gindin butar shayinsa ya ga farin ɓawon da ya taru. Shi ne zai taru a wannan 'yar ƙofa. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, har cikin rufaffen kwano.

In kuma bawul ya yi yoyo, ruwa ya tsiyaya cikin silinda injin yana kwance, wata masifar ce. Ruwa ba ya matsuwa. Ana tayarwa fistan zai doke shi, sandar da ke riƙe da fistan ta lanƙwashe. Wani lokaci ba ta karyewa nan take. Sai an tashi.

Metanol ɗin kansa yana cin alminiyam. Yana cin roba. Yana busar da gasket. Tiyon da ya yi kyau yau, gobe ya tsage daga ciki, ido bai gani ba.

Babur in ya mutu, ka sauke ƙafa ka tura. Jirgi in ya mutu a kan Dutsen Mindif, ina za ka sauke ƙafa?

Kada wani ya ce ai in aka kula shi ke nan. Kamfanin Oldsmobile na Amurka, da injiniyoyinsa da kuɗinsa, ya fito da mota mai wannan tsari a 1962, mai suna Jetfire. Masu motar suka riƙa mantawa da cika tankin ruwan. Shekara biyu aka yi aka daina ƙera ta.

Ga wanda ya fi wannan muni. Ranar 6 ga Satumba, 1971, jirgin fasinja na kamfanin Paninternational ya tashi daga Hambug a Jamus da mutum 121. Injinansa na jet ne, amma su ma ana fesa musu ruwa lokacin tashi. Sai aka yi kuskure. Abin da aka zuba a tankin ruwan ya gauraya da kananzir. Jim kaɗan da ɗagawa injinan biyu suka lalace. Matuƙin ya sauke jirgin a kan babbar hanyar mota, ya daki gada. Mutum 22 suka mutu.

Jamus ke nan. Ƙwararru ke nan, masu takardu da horo. Jarka ce ta rikice musu. A garejinmu, inda jarkar mai da ta kananzir da ta ruwan sha ke jere wuri ɗaya babu rubutu, me muke tsammani?

Jirgin da aka ƙera a gida, ko ba a ƙara masa komai ba, yana da nasa haɗarin. A Amurka, inda ake da ƙungiyar masu wannan sha'awa tun 1953, hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta fitar da nazari a 2012. Irin waɗannan jirage kusan kashi 10 cikin ɗari ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ne suka ɗauki kusan kashi 21 cikin ɗari na haɗurran da aka rasa rai. Matsalar inji tana sahun gaba cikin dalilai. Wannan fa a ƙasar da jami'i ke zuwa ya duba jirgin kafin ya tashi, kuma in injin ba tantacce ba ne a sa shi ya yi awa 40 na gwaji a keɓantaccen wuri, ba tare da fasinja ba.

Mawaƙin nan na Amurka, John Denver, gogaggen matuƙi ne. Ranar 12 ga Oktoba, 1997, ya faɗa teku a Kalifoniya cikin jirgin da wani ya ƙera a gida. Wanda ya ƙera jirgin ya sauya wa makunnin mai wuri, ya mayar da shi bayan kafaɗar matuƙi ta hagu, saɓanin yadda mai zanen ya tsara. Mai ya ƙare a tanki ɗaya, Denver ya juya zai murɗa makunnin, jirgin ya ƙwace. Sauyi ɗaya a hanyar mai. Rai ɗaya.

A Indiya, a watan Agustan 2021, wani matashi mai walda ɗan shekara 24 a gundumar Yavatmal ya kunna jirgi mai saukar ungulu da ya ƙera da kansa. Abokansa suna tsaye suna ɗaukar bidiyo. Farfela ta ɓalle ta same shi. Jirgin ko tashi bai yi ba. Shi ma gari na alfahari da shi.

Duk wannan, na cikin jirgin kaɗai ya shafa da wanda zai faɗa wa a ka. Yanzu ga abin da ya shafi kowane gida.

Metanol guba ne.

Fari ne tas kamar ruwa. Warinsa ba shi da ƙarfi. In aka gauraya shi da ruwa, ido ba zai bambance ba. Abin da bai wuce cokali biyu na shayi ba, mililita goma, yana iya makantar da babban mutum har abada. Mililita talatin yana iya kashe shi. Yaro ƙarami kuwa bai buƙatar ko kusa da haka.

Mugun halinsa shi ne jinkiri. Wanda ya sha zai ga kamar lafiya lau. Hanta ce ke juya shi a hankali zuwa wani asid da ke cin jijiyar ido. Sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai ya zo, amai ya zo, gani ya dushe, numfashi ya yi sauri. A lokacin a gida ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne, ana neman ƙwaya a kanti. Kafin a gane, ido ya tafi.

Ba ta baki kaɗai yake shiga ba. Yana shiga ta fata. Yana shiga ta numfashi. Yana tafasa a digiri 65, mu kuma a watan Maris da Afrilu muna wuce digiri 40 a inuwa. A rumfar kwano da tsakar rana, jarkar da ba a rufe da kyau ba tana cika wurin da tururi, yara na shaƙa.

Yanzu mu dubi yadda muke mu'amala da mai a nan. Mu dubi teburin mai sayar da fetur ɗin kwalba, wanda muke kira zuwa-zuwa, a bakin hanyar Marwa. Kwalabe a jere, rana na dukansu. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya tsaya, yaro ya ɗauko mazurari. In za a juye daga babbar jarka, sai ya zura tiyo, ya sa baki ya zuƙa, man ya taho, ya tofar, ya goge leɓe da bayan hannu. Kullum muna gani. Fetur yana da ɗaci da wari, shi ya sa yake tofarwa da sauri. Ranar da metanol ne a cikin jarkar, wannan zuƙar guda na iya zama sanadin idonsa.

Sauran da ya rage fa, ina za a zuba shi? A gorar ruwa ta roba, inda muke zuba komai. A ajiye a ƙarƙashin benci. Ƙanin maigida ɗan shekara biyar ya shigo da ƙishirwa.

Ya zama wajibi mu hango wannan tun bai faru ba.

Kuma wutarsa ba a ganinta da rana. A gasar tseren motoci ta Indiyanapolis a 1981, metanol ya zube wa direba Rick Mears ana zuba masa mai, ya kama da wuta. Yana tsalle yana dukan jikinsa, na kusa da shi ba su ga harshen wuta ba. Fuskarsa ta ƙone. Can akwai 'yan kwana-kwana a tsaye. A garejinmu akwai mai walda a gefe, da kwalaben fetur, da rumfar zana.

Wannan guba ta riga ta yi mana ɓarna a wannan yanki na duniya. A Afrilun 2015, a Ode-Irele ta jihar Ondo a Najeriya, mutum 18 suka mutu cikin 'yan kwanaki, da yawa sun makance kafin su cika. Da farko an ce baƙuwar cuta ce. Bincike ya nuna metanol ne a cikin barasar gargajiya. A watan Yunin shekarar, kusan mutum 70 suka mutu a jihar Ribas ta wannan hanya. A nan Kamaru, a Nuwamban 2016, fiye da mutum 20 suka mutu a Yankin Gabas bayan sun sha gurɓatacciyar barasar gargajiya da ake kira odontol.

Kada mu ce wannan matsalar mashaya ce, ba ta shafe mu ba. A Iran a 2020, jita-jita ta bazu a waya cewa barasa tana maganin korona. Fiye da mutum 700 suka mutu da metanol cikin 'yan makonni. Saƙon waya ne ya kai su. Irin hanyar da wannan fitina ke bi ta shigo mana ke nan.

Kuma duk jarkar metanol da ta shigo gari da sunan inji, wa ya ba mu tabbacin ba za ta ƙare a tukunyar mai dafa barasar arki ba? Mai son riba ba ya tambayar asalin abu in ya same shi da araha.

Inji ma ya riga ya ba da shaida. A Fabrairun 2022 kamfanin mai na Najeriya, NNPC, ya amsa cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da kima daga Antwap ta Beljiyam. Motoci suka lalace a Legas. Aka janye man, layi ya cika gidajen mai makonni. Ƙasa guda ta tsaya cik saboda metanol ya shiga inda bai kamata ba. Daga Najeriyar ne zuwa-zuwarmu ke fitowa. Mai haɗa jirgi a nan bai ma san abin da ke cikin man da ya saya a kwalba ba, sannan zai ƙara masa wata guba da hannunsa.

Shirunmu ya isa haka. Wanda ya ga yaro na haɗa wannan abu ya kau da kai, yana da hannu a abin da zai biyo baya. Wanda ya tura bidiyon a zauren WhatsApp yana da hannu. Wanda ya tsaya yana tafi, yana cewa sai kai, yana da hannu.

Ya zama wajibi ga masu gareji. Yaran nan amana ce iyayensu suka damƙa muku. Maigida, in yaronka ya zo da wannan magana, kada ka yi dariya ka wuce. Zaunar da shi. Buɗe masa mataccen inji ka nuna masa fistan da ya narke. Ka hana zuƙar tiyo da baki a wurinka, yau ba gobe ba. Ka hana zuba kowane irin sinadari a gorar ruwan sha.

Ya zama wajibi ga masu sayar da sifirit da tina da kayan fenti a kasuwannin Marwa da Garwa. Wani sifirit ɗin ƙonawa akwai metanol a cikinsa. Kada a juye shi a kwalbar da babu rubutu. In saurayi ya zo neman lita da yawa, a tambaye shi me zai yi da shi.

Ya zama wajibi ga iyaye mata. Ku ne kuka san abin da ke ƙarƙashin gado da bayan ɗaki. Gorar da ba ku san abin da ke cikinta ba, kada ta kwana a gidan da yara suke.

Ya zama wajibi ga Mai Martaba Lamiɗon Mindif da lawanai da jaurawa su sa baki, don maganar da ta fito daga fada tana isa inda takarda ba ta isa. Ya zama wajibi ga limamai su ɗauko ta a huɗuba. Rai amana ne. Addini bai yarda mutum ya kai kansa ga halaka ba, balle ya jawo wa maƙwabci.

Hukuma kuma ba za ta tsaya a hani kaɗai ba. Yaron da aka ce masa bari, ba a nuna masa inda zai kai basirarsa ba, zai koma ɓoye ne ya yi. A ɓoye ake mutuwa. Muna da Jami'ar Marwa tun 2008, da makarantar injiniyoyi a cikinta, tafiyar da ba ta kai kilomita talatin ba daga nan. Ya zama wajibi ta buɗe ƙofa ga ɗan garejin da ba shi da takarda amma yana da hannu. A ba shi wurin da zai ɗaure inji a ƙasa, a bayan katanga, da ma'aunin zafi, da malamin da zai ce masa tsaya. Hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, CCAA, ita ke da hurumin cewa wannan ya tashi, wannan kada ya tashi. Ya zama wajibi ta zo Arewa Mai Nisa ta yi wa matasa bayani da Fulatanci da Hausa, tun kafin ta zo binciken tarkace.

Kai kuma ɗana, mai mafarkin tashi, ka ji da kyau. Ba mu raina ka ba. Ka fara da ƙaramin jirgi marar mutum a ciki. Ka koyi lissafin nauyi da na fiffike. Ka san cewa iskar bazararmu ba ta da kauri, tana rage wa inji ƙarfi, tana rage wa fiffike ɗauka, kuma babu jarkar ruwa da za ta gyara wannan a injin babur. In injinka na zafi, ka gyara hanyar iskarsa. In yana ƙwas-ƙwas, man ne ba shi da kyau ko saitin wuta ya kauce. Kada ka hau abin da masani bai duba ba. Kada ka ɗora ƙaninka a kai.

In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, wani ya sha ko ya zuƙa, ya zama wajibi kowa ya san abin yi. Kada a jira alama. Kada a ce ai ga shi yana tafiya da ƙafarsa. Kada a ba shi madara ko manja a kwantar da shi. Kada a tilasta masa amai. A ɗauke shi nan take zuwa asibiti, a tafi da gorar, a faɗa wa likita sunan abin ƙarara: metanol. Akwai magani in an zo da wuri, wani lokaci har sai an kai ga wankin jini, shi kuwa sai a manyan asibitocin Marwa ko Garwa. Wanda ya sha da azahar, kada magariba ta same shi a gida.